Ranar da Muka Ɗaure Bindigar Baba Tanko a Tsamiya

Tun da muka dawo daga bayan Kusada ban huta da tambaya ba. In na zauna bakin keken ɗinkina a kasuwar Kankiya, kafin in zura zare a allura wani ya tsuguna ya ce, "Malam Iro, wai da gaske ka tahi sayen bindiga ka dawo hannu rabbana?" Da gaske ne. Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma duk lokacin da taubashina Kofur Ɗan'azumi ya karɓe shi sai ya ƙara masa gishiri, har jiya na ji yana gaya wa mutane wai na suma. Ban suma ba, zama na yi. Tunda Allah ya sa na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, bari in rubuta yadda aka yi, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in koma ɗinkina.

Birai ne suka ja mini. Ina da gona wajen Kafin Soli, gindin duwatsu, na shuka gyaɗa da masara, damina ta yi kyau. Da abu ya fara kosawa sai suka sauko ayari guda. Na kafa mutum-mutumi na sa masa tsohuwar rigata, suka tuɓe rigar. Na rataya gwangwanaye, suka mai da su abin wasa. Ana haka wani mai tallar goro ya ba ni labarin wani tsohon maharbi, Baba Tanko, a wani ƙauye bayan Kaikai, kusa da iyakar ƙasar Kano, wanda idonsa ya fara rauni yana so ya sayar da bindigarsa, adaka irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ni ban taɓa riƙe bindiga ba, kuma ba kisa nake so ba. Ƙara kawai nake nema wadda za ta sa biri ya san gonar tana da mai ita.

Da na gaya wa mahaifiyata sai ta ajiye abin kaɗinta. Ta tuna mini wani mutumin unguwarmu da aka yaudara da cinikin bindiga, aka kira shi cikin daji shi kaɗai, aka yi masa dukan kawo wuƙa aka kwashe abin da ke aljihunsa. Ta ce ba inda za ni sai da Kofur, kuma abin da take so a wurina guda ne, in dawo mata lafiya kamar yadda na tafi, da bindiga ko babu. Ni ma gaskiya tsoron da ke cikina ke nan.

Kofur ɗan kawuna ne. Ya je yaƙin Bama ya dawo da kwat ɗin soja, da takalma masu nauyi, da baki. Ya zo ya zauna gaban akushina, sai da ya ci rabin tuwon kafin ya fara ba ni doka.

"Ka ji, ɗan ɗinki," in ji shi. "Ba a cinikin bindiga cikin daji, ba a yin shi da duhu, kuma mutum guda bai zuwa. Ƙohwar mai gari za mu zamna, rana tsaka, kowa shina gani. Kuɗinka ka bar su wajen mai masauki sai an gama magana. Duk wanda kuma ya miƙo maka bindiga, ka ɗauka da ɗuri cikinta, ko da ya rantse maka babu."

Na ce, "Kai da ka je Bama dahuwar shinkahwa, ina ka san wannan duka?"

Ya ce, "Mai dahuwa shi ka dawowa da rai, shi ya sa uwarka ta zaɓe ni." Ya janye sauran tuwon gabansa.

Kafin mu tashi mun biya wurin malamin hakimi. Ya ce lalle mu ga takardar bindigar, mu duba lambar da aka buga a ƙotarta ta yi daidai da ta takardar, mai garin can ya zama shaida, sannan mu kawo a juya ta da sunana. In ba haka ba, ranar da 'yan doka suka gan ni da ita, ɗinkin da zan yi sai na kayan fursuna.

Mun fita da hantsi a keken Kofur, shi yana tuƙi ni ina baya. Muddin muna kan hanyar mota komai lafiya, har yana rera waƙar soja. Da muka ratse muka kama hanyar Kusada sai yashi ya karɓe mu, can kuma ƙaya ta huda tayar baya. Daga nan keken ne ya hau mu. Kofur ya cusa ciyawa cikin tayar wai haka suke yi a Bama, muka hau, ba mu yi taku hamsin ba muka zube cikin gonar wake. Wata Bafillatana mai fura da ke bin hanyar ta tsaya ta kalle mu, ba ta yi dariya ba sai da ta tabbatar za mu sayi furar, sannan ta yi ta yi har tana riƙe ƙwaryarta.

Da la'asar muka shiga Kusada, muka sauka gidan wani malami abokin marigayi mahaifina Audu. A nan na ga abin da ya bambanta da gida. Mu a Kankiya, da yake muna bakin hanya mun saba da baƙi, kafin mutum ya sauke kaya mun tambaye shi daga ina, zuwa ina, nawa ake sayar da gero can. Malamin nan kuwa ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, aka kawo dambun gero da zogale ya sha man shanu, muka yi hirar damina da ta waɗanda suka mutu, bai ce mana me ya kawo ku ba. Maganar tana ta cin Kofur, sau uku yana buɗe baki ina taka masa ƙafa. Sai da safe bayan mun karya malamin ya ce, "Tau, ɗiyan Audu, lahiya dai?" Na gaya masa. Ya karɓi kuɗina ya adana, ya yi mana addu'a, ya ce in an daidaita a aiko mutum biyu su karɓa. Keken ma a nan muka bar shi, ba wanda ya yi kewarsa sai mai shi.

Da ƙafa muka bi ta Kaikai, dawa ta rufe hanya hagu da dama. Gaba kaɗan muka iske wani rafi mai ruwa iya gwiwa, wani manomi yana wanke fartanya a bakinsa. Ya ce mana nan ne iyaka, wannan gaɓa Katsina, waccan Kano. Bukkarsa tana nan, gonarsa tana can. Kofur ya tambaye shi to shi na wane sarki ne. Mutumin ya dubi kwat ɗin Kofur, ya dubi takalmansa, ya ce, "Ranka shi daɗe, wane ne ya aiko ka? In ka hwaɗa mani sai in san amsa." Da na ce masa ɗinki nake yi, shi kuma wannan tsohon soja ne ba kowa ba, sai ya saki jiki ya nuna mana hanyar ƙauyen, yana nan gefen Katsina, ba nisa.

Ya kamata mu gane daga nan, amma ba mu gane ba. Muna shiga ƙauyen sai muka tarar kamar an share shi. Turmi ga shi da hatsi a ciki, taɓarya a ƙasa, ba mai daka. Wata tsohuwa ta ja akuyarta ta shige gida. Muka zauna ƙofar mai gari, aka daɗe kafin ya fito, yana ta gaisuwa yana kallon takalman Kofur. Muka ce Baba Tanko muke nema. Ya aika, ɗan aiken ya dawo ya ce Baba ya ce in ciniki ne da gaske, mai sayen ya haye rafi shi kaɗai ya same shi gindin wata ƙirya a gefen Kano.

Daji, ni kaɗai, ƙetaren iyaka: duk abin da aka ce kada in yi, ga shi an jera mini. Na raɗa wa Kofur mu tashi tun muna da ƙafafu. Shi kuwa ya dubi mai gari ya ce ba inda za mu, a nan za a yi ko a fasa. Mai gari ya ce, "Samari, ku hwaɗa mani gaskiya. Wanga mai kaki ɗan doka ne ko malamin daji?"

Ashe tsoron da muke ji su ma shi suke ji. Baba Tanko yana da takardarsa, ba abin da ya yi, amma talaka ko da gaskiyarsa ba ya son ganin kaki a ƙofar gida. Ya zaɓi ƙetaren rafi ne don ɗan dokan Katsina ba shi da iko a can. Mai gari ya yanke hukunci cewa Kofur ya tuɓe kwat da takalma. Da Kofur ya zauna da 'yar shara da ƙafafunsa masu kaushi kamar na kowa, sai ga mutane suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, daka ta ci gaba, har da masu zuwa taɓa takalman.

Ƙauyen maharba ne, kuma abin da ya fi ba ni mamaki karnuka. A gida kare bai isa ya doshi tabarma ba. A nan suna kwance cikin zaure, kowanne da sunansa, wani ma ya ɗora haɓa a kan ƙafata. Na zauna a sandare ina lissafin wankin da zan yi kafin azahar, mutanen suna ta ce mini ai ya so ni ne.

Sai ga Baba Tanko. Dogo ne siriri, da rigar layu, idanunsa sun yi fari-fari. Bindigar tana kafaɗarsa, an naɗe ƙotarta da jar fata da wuri. Bayansa matarsa ce, Inna Dije, ɗauke da ƙwaryar fura. Ta ajiye, amma ba ta koma ba, ta tsaya jikin danga. Baba ya shiga gaisawa da jama'a yana juyawa, bakin bindigar yana bin kowa, duk wanda ya zo kansa ya sunkuya. Kofur ya ce cikin ladabi, "Baba, a tada bakinta sama, don Allah." Ya tayar. Ya ciro takarda daga cikin wani gwangwani, na karanta lambar da ƙarfi, Kofur ya duba ƙota daga inda yake, suka yi daidai. Mai gari ya ce ya shaida bindigar Tanko ce tun yana saurayi. Aka yi ciniki ba gardama. Na ji hankalina ya kwanta, na ce a raina ashe abin ba wuya.

A nan ne na ji wata al'adarsu. Maharbi ba ya miƙa bindigarsa ga wani sai ya yi mata harbin sallama da kafaɗarsa, gaban jama'a. In bai yi ba, an ce ya san da aibi a jikinta ya ɓoye, kuma wannan abin kunya ne da zai bi shi har kabari. Kafin harbin nan kuma hannun wani ba ya taɓa ta. Baba ya ce tun da ya ji ciniki ne ya ɗura mata albarushi yatsa huɗu, yadda ya saba.

Kofur ya ce, "Baba, ban taɓa ta. Amma ka auna muna da hannunka mu gani." Ya karyo wani siririn kara dogo. Baba ya yi tsaki, amma ya karɓa. Ya shimfiɗa karan a bayan bindigar aka yi alama, sannan ya zura shi ciki har ya tsaya. Abin da ya rage a waje zuwa alamar shi ne yawan ɗurin. Mai gari ya jera yatsunsa a kai. Huɗu suka cika, ya ƙara huɗu, da saura.

"Tara," in ji mai gari.

Baba ya ce, "Yatsunka ne sirara."

Sai Inna Dije ta yi magana daga jikin danga. Ba mijinta ta duba ba, mai gari ta duba. "Mai gari, bara waccan da kura ta dame mu ga awaki, ya ɗura mata. Kura ba ta dawo ba, ya rataye ta. Tun sannan ba ta tashi ba. Na hwaɗa, an ce mace mi ta sani ga bindiga."

"Na harba ta," in ji Baba. "Ni ban san bindigata ba?"

Ko ni da ban san komai ba na gane. Sabon ɗuri ne a kan tsoho, cikin ƙarfen da ya girme ni. Kofur ya ce a zuba mata ruwa a kwashe ɗurin, Baba ya ce ba mai jiƙa masa bindiga. Kofur ya ce to a ɗaure ta a itace a ja da igiya daga nesa. Baba ya miƙe tsaye. "In ɗaure ta kamar akuya? Shekara arba'in tana kahwaɗata, yau don baƙi sun zo in ji tsoronta?" Ya juya ya nufi bayan gari, jama'a suka bi shi, ba wanda ya tare shi. Maharban da ke wurin sun san Kofur ya yi gaskiya, na gani a fuskarsu, amma al'adar tasu ce, kuma Baba ne babbansu. Na dubi Inna Dije, ta sa bakin zanenta a baki ta cije.

Na zo ina tsoron a cuce ni, ga shi yanzu dattijo zai hallaka kansa saboda gyaɗata. Ban san lokacin da na sha gabansa na tsuguna ba.

Na ce, "Baba, ka yi mani rai, akwai abin da na ɓoye. Ni matsoraci ne. Ko an kashe ni ban iya aza bindiga ga kahwaɗa. Can gonar ma ga icce zan ɗaure ta, in ɓoye bayan dutsi in ja igiya. In ba ta tashi a ɗaure, ba ta da amfani gare ni. Ka gwada mani ita yadda zan yi aiki da ita, in ba haka ba na hwasa saye."

Sai wani ya tuntsire da dariya, kowa ya kama. Kofur har da faɗuwa, yana cewa ai ya gaya musu ɗan ɗinki ne, allura ma sai ya rufe ido yake zura ta. Na bar su suka yi son ransu. Baba ya daɗe yana kallon inda nake, sannan ya girgiza kai. "Wagga bindiga ta ga wulaƙanci. Daga hannun Tanko sai hannun mai jan igiya. Tau, don kai ne. Ku kawo igiyar guga."

Shi da kansa ya ɗaure ta a jikin wata tsamiya, bakinta yana kallon suri, ya ƙulla igiyar a kunamar bindigar. Kofur ya kori kowa baya, ya tabbatar ba mutum ko dabba a gaba. Muka laɓe bayan wani rumbu, Baba ya riƙe bakin igiyar, ya yi bisimilla, ya ja.

Na sha jin tsawa, ban taɓa jin irin wannan ba. A nan ne na zauna. Karnuka suka watse, hayaƙi ya rufe tsamiyar, ganye yana ta zubowa. Da ya lafa muka matsa. Ƙarfen ya tsage ya buɗe kamar an fasa rake. Ƙotar ta dare biyu daidai inda kunci yake kwanciya, wani guntun ƙarfe kuma ya nutse cikin tsamiyar har Kofur ya kasa zare shi da wuƙa.

Baba bai gani sosai, sai ya sa hannu yana shafawa. Ya bi tsagar da yatsa tun daga sama har ƙasa, ya taɓa ƙarfen da ke cikin itacen, sannan ya taɓa kuncinsa. Can ya ce, "Dije tana nan?" Ta ce tana nan. Ya ce, gaban maharbansa duka, "Kin hwaɗa mani. Ban ji ba." Ita kuwa hawaye na zuba tana dariya, ta ce, "Shekara biyu nike shara ƙarƙashin abin nan ina addu'a. Yau dai na huta."

Daga nan ƙauyen ya koma kamar gidan suna. Aka yanka zabi, aka yi tuwon dawa da miyar kuka mai yajin da ya sa Kofur kuka, ya ce hayaƙin bindiga ne bai fita idonsa ba. Maharba uku suka je gida suka ɗauko nasu bindigogin, kowa ya karyi kara yana aunawa, aka samu ɗaya ita ma da tsohon ɗuri, mai ita ya ce shi dama ya sani. Ban taɓa cin abinci da daɗin rai irin na ranar ba, har karen nan na ba ƙashi. Masu tambayar birai kuma, Baba ya turo mini maharba biyu da karnukansu bayan kwana shida, na samu gyaɗata fiye da rabi. Kuɗina na karɓe su a Kusada yadda na bar su.

Da za mu tafi, Kofur ya mai da kwat da takalmansa, Baba ya rako mu har bakin hanyar Kaikai, yana dafe da kafaɗata saboda kututture. Da muka tsaya sallama ya kama hannuna ya riƙe, ya bari Kofur ya yi gaba kaɗan, sannan ya rage murya.

"Ɗan ɗinki," ya ce, "ido ne ba ni da shi, ba hankali ba. Na san ba tsoro ne ya sa ka hwaɗi maganar nan ba. Ka ba da kanka anka yi ma dariya don kada a yi mani."

Na ce, "Baba, wallahi har da tsoron."

Ya yi dariya har tari ya kama shi, kuma bai saki hannuna ba sai da tarin ya wuce.